A Ƙayyade Kamashon Masu Kai Abinci, Ko a Bar Kasuwa Ta Yi Halinta?

A watan Afrilun 2020, daidai lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe Daura bayan rasuwar likitan da aka fara samu da cutar korona a jihar Katsina, magajiyar garin San Francisco ta Amurka, London Breed, ta fitar da wani umarni da bai shafi asibiti ko takunkumi ba. Umarnin ya ce kamfanonin da ke karɓar odar abinci ta manhajar waya su kai wa mutane gida ba za su cire fiye da kashi 15 cikin ɗari na cinikin a matsayin kamasho ba. Kafin nan wasunsu kan cire har kashi 30. Birnin Seattle ya bi sahu a watan, New York ta biyo baya a watan Mayu, Chicago a Nuwamba. Daga nan gardama ta ɓarke, har ta kai gaban alƙali.

Mutumin Funtua ko Malumfashi zai iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? A nan, in kana son abinci ya same ka a shago ko ofis, hoton da uwargida ta ɗora a WhatsApp za ka gani, ka kira, ka yi tiransifa, ɗan acaba ya kawo maka a kula ko a 'yar roba. Manyan kamfanonin wannan sana'a irin su Chowdeck, wanda aka kafa a Legas a 2021, da Glovo da ya shigo Najeriya a wannan shekarar, sun fi ƙarfi ne a Legas da Abuja da ire-irensu. Haka ne. Amma tambayar da ke ƙarƙashin rigimar tamu ce tun kaka da kakanni: nawa ya kamata wanda ya tsaya tsakanin mai kaya da mai saye ya ci, kuma wa ke da ikon ce masa ya isa haka? Manomin da ya taɓa kai masara kasuwar Dandume ya biya la'ada ya san wannan tambaya. Wanda ya tsaya gaban mai POS a farkon 2023 ma ya san ta. Kuma gari irin Funtua da ke mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina, ga ɗalibai ga ma'aikata ga matafiya, ba zai daɗe ba tare da wani ya kawo masa manhaja ba. Gara a yi muhawarar tun baƙon bai sauka ba.

Masu goyon bayan ƙayyadewa suna farawa ne da lissafi, kuma lissafin nasu yana da nauyi. A ce farantin shinkafa da kaza naira 3,000. In kamfani ya cire kashi 30, naira 900 ta tafi tun mai abincin ba ta taɓa kuɗin ba. A cikin 2,100 da ta rage za ta fitar da kuɗin shinkafa da mai da kayan miya da kaza da gawayi ko gas, da hayar shago, da haƙƙin yaran da ke wanke-wanke, da robar zubawa. Duk wanda ya san sana'ar abinci ya san ribarta a yawan ciniki take, abin da ke kan faranti ɗaya bai taka kara ya karya ba. A lokacin lafiya ana iya jure wannan, domin masu zama su ci a shago su ne ke biyan haya, odar waje kuwa ƙari ce. To sai annoba ta zo, hukuma ta hana zama a ci. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta kamfanin.

A nan ne hujjarsu mafi ƙarfi take. Suna cewa kada wani ya zo musu da zancen 'yancin kasuwa, domin ba kasuwa ce ta kore wa mai abinci kwastomomi ba, doka ce. Gwamnatin da ta rufe ƙofa ɗaya da hannunta ba za ta naɗe hannu ta bar mai gadin ɗaya ƙofar ya karɓi abin da ya ga dama ba. Kuma masu gadin ba su da yawa. A Amurka kamfanoni uku ne, DoorDash da Uber Eats da Grubhub, suka riƙe mafi yawan kasuwar, sannan a cikin 2020 ɗin Uber ya saye na huɗunsu, Postmates. Kuɗin shigar DoorDash ya tashi daga dala miliyan 885 a 2019 zuwa kusan biliyan 2.9 a 2020, shekarar da dubban gidajen abinci suka rufe har abada. Ga kuma rashin daidaito wajen ciniki: babban kamfani irin McDonald's yana iya zama da masu manhaja a rage masa kamasho saboda yawan rassansa, mai shago ɗaya kuwa takarda ake miƙo mata ta sa hannu ko ta bari.

Suna ƙara da cewa mutuwar gidan abinci ba ta tsayawa a kan mai shi. Wannan kuwa mu ne shaida. Tumatirin Danja da barkono da albasar fadamun Kafur da Bakori, da masara da waken suyar da ake lodi daga Funtua, kaso mai yawa a tukwanen masu sayar da abinci na birane yake ƙarewa. Lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi a 2020, ga kuma azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, duk da an ce motocin abinci su wuce, mai kayan gwari ya ji a jikinsa. Hatsi ya iya jira a rumbu, tumatir ba ya jira. Saboda haka, in ji su, kare mai tuwo-tuwo a birni kare mai noman rani ne a ƙauye. Ko ƙasar Sin, da ba a san ta da jan magana ba, a Fabrairun 2022 hukumominta sun umarci irin waɗannan kamfanoni su rage wa gidajen abinci caji, har hannun jarin Meituan ya faɗi warwas a ranar.

Sai dai masu adawa ba su zo hannu rabbana ba. Abu na farko da suke tambaya shi ne, ina ribar da ake cewa kamfanonin sun kwasa? A shekarar da kuɗin shigar DoorDash ya ninka sau uku, asarar dala miliyan 461 ya bayyana, kuma sai a 2024 ya fara rufe shekara da riba. Grubhub da aka saya a kan dala biliyan 7.3 a cinikin da aka ƙulla a 2020, an sayar da shi a kan miliyan 650 bayan shekara huɗu. Ba sai an je nesa ba: a Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food duka suka tattara nasu ya nasu suka bar sana'ar a Najeriya, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur. Babu wanda ya ƙayyade musu kamasho, lissafi ne kawai ya ƙi fita. Ɗaukar faranti ɗaya daga Tudun Wada zuwa Jabiri a cikin Funtua yana cin mai, yana cin taya, yana cin lokacin mutum, kuma dole wani ya biya. In doka ta hana a karɓa a hannun mai abinci, za a karɓa a wani hannun.

Haka kuwa aka yi. Ba a jima da kafa doka a Chicago ba DoorDash ya ɗora wa kowane mai oda ƙarin dala ɗaya da rabi, ya kuma raɗa wa cajin sunan birnin domin kowa ya san daga inda abin ya fito. An yi irin haka a wasu biranen. Abinci ya ƙara tsada a wurin mai saye, wasu suka rage oda. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne binciken da wasu malaman jami'a biyu, Zhuoxin Li da Gang Wang, suka yi a kan biranen da suka kafa dokar. Sun gano cewa ƙananan gidajen abinci masu zaman kansu, waɗanda domin su aka yi dokar, odarsu da kuɗin shigarsu raguwa suka yi, yayin da rassan manyan kamfanonin sayar da abinci, waɗanda a wurare da dama dokar ba ta shafe su ba, suka samu ƙari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhaja ce ke zaɓar wanda za ta nuna maka a saman jeri in ka buɗe waya. Da aka rage abin da take samu a kan ƙananan, sai ta riƙa tura masu saye wurin waɗanda take cin cikakken kamasho a kansu. Mai shago ta samu ragin kamasho a takarda, ta rasa ciniki a aljihu.

Akwai kuma ɗan acaba, wanda ba a cika tunawa da shi a wannan gardama ba. Shi ne mafi rauni a cikin mutum huɗun da ke cikin cinikin, kuma in aka matse kamfani daga sama, shi ne ya fi sauƙin matsewa daga ƙasa.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a ba su labarin ƙayyade farashi daga Amurka, domin a garinsu aka yi hedikwatarsa. Da gwamnatin soja ta sake fasalin hukumomin sayen amfanin gona a 1977, ta gyaɗa Kano aka kai ta, ta koko Ibadan, ta auduga kuwa Funtua. Tun zamanin hukumar ciniki ta Jihar Arewa tsarin ɗaya ne: hukuma ce ke yanka farashin auduga kafin kaka, ita ke ba wakilan saye lasisi, ita kuma ke yanka musu ladan da za su samu a kan kowane tan. Wato an ƙayyade kamashon ɗan tsakiya, an kuma ƙayyade farashi, duk a takarda. Me ya biyo baya? Dattawan da suka kai auduga fuloti a Malumfashi da Daudawa da Bakori suna iya ba da labarin abin da ke faruwa a bakin sikeli da wurin tantance daraja, inda auduga mai lamba ɗaya kan koma lamba biyu in ba a ga dama da kai ba. Ladan da doka ta hana a ci a fili, an ci shi a awo. Sannan ita hukumar da kanta ta riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya tana riƙe rarar. Manomi bai yi zanga-zanga ba, ya dai juya gonarsa ya shuka masara da dawa. A 1986 aka rushe hukumomin gaba ɗaya.

Adalci dai shi ne a faɗi sauran labarin, domin masu goyon bayan sa hannun hukuma suna da abin cewa a nan. Bayan rushewar, manomi ya rasa tabbacin farashi da tabbacin iri mai kyau, aka shiga gauraya iri da zuba wa auduga ruwa da yashi don ta yi nauyi, darajar audugar Najeriya ta zube, masaƙu suka bi ta. Wato sakin kasuwa sakaka ma bai haifar da ɗa mai ido ba. Wanda duk ya ce tarihin auduga ya goyi bayan ɓangare ɗaya ɗungurungum, bai karanta shi duka ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ƙarancin takardun naira a farkon 2023. A wurare da dama sai ka bar naira dubu ɗaya ko biyu kafin mai POS ya ba ka dubu goma. Babban Banki ya yi barazanar ƙwace lasisi, jami'an tsaro suka yi kame nan da can, caji bai sauka ba, domin su ma masu POS ɗin sayen tsabar kuɗin suke yi a gidajen mai da hannun 'yan kasuwa. Abin da ya sauko da shi shi ne dawowar kuɗi hannun jama'a bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 3 ga Maris da ya ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Haka aka gani a 1984, da sojoji suka riƙa tilasta wa 'yan kasuwa sayar da kaya a farashin gwamnati: kayan suka ɓace daga kanta suka koma bayan shago. Takin gwamnati mai rangwame kuwa, kowane manomi a Faskari ko Ƙanƙara ya san hanyar da yake bi kafin ya iso gare shi, da farashin da yake isowa da shi.

Da yake al'ummarmu ba ta yanke hukunci a kan ciniki ba tare da ta waiwayi malamai ba, ya kamata a ji su, kuma abin sha'awa shi ne kowane ɓangare yana da madogara. Hadisin Anas ɗan Malik sananne ne: kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka farashi, ya ƙi, yana gudun kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Da wannan mafi yawan malamai suka kafa hujjar cewa asali shi ne a bar mutane su yi cinikinsu. Amma shari'ar da ta faɗi haka ita ce ta hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ta hana tare fatake a hanya kafin su san farashin kasuwa, ta kuma hana ɗan gari ya sayar wa baƙauye kayansa, wanda Ibn Abbas ya fassara da zama masa dillali. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim sun bambanta tsadar da ƙarancin kaya ko yawan masu nema ya kawo, wadda ba a taɓa ta, da tsadar da wasu 'yan tsiraru suka ƙirƙira saboda su kaɗai ke sayar da abin da jama'a ba su da makawa sai shi. A ta biyun sun ce shugaba ya tilasta farashin da ya dace. A cikin Malikawa ma akwai masu halatta hakan, da sharaɗin a tara 'yan kasuwar a san abin da suka kashe, a bar musu riba, kada a yanka musu abin da zai kore su daga kasuwa.

Wannan rarrabewa, a ganina, ita ce mabuɗin rigimar, kuma ita ce ta sa misalin POS bai isa ya rufe bakin masu son ƙayyadewa ba. Masu POS suna da yawa, a kowace kwana akwai lema da tebur, da kuɗi ya wadata gasa ta daidaita su. Dillalin hatsi ma in ya cuce ka wannan kasuwar, kasuwa mai zuwa ka sauke buhunka a wurin wani. Manhaja ba haka take ba. Masu saye suna taruwa inda masu abinci suka fi yawa, masu abinci suna bin inda masu saye suka taru, a ƙarshe ɗaya ko biyu ne ke rage a fili. Kuma abin da take riƙewa ya wuce kamasho. Ita ke da lambar wayar mai saye da adireshinsa da sanin abin da ya saba ci. Uwargidan da ta shekara tana dafa wa mutum abinci ta manhaja, ran da ta fita daga cikinta ba ta san ko sunansa ba. Wannan ya fi kashi 30 haɗari, kuma dokar ƙayyade kamasho ba ta taɓa shi ko kaɗan.

Ba na kuma son a manta da alherin da ke cikin abin, domin masu sukar kamfanonin kan yi kamar babu. A garuruwanmu, matar aure da ke dafa waina ko dambu ko alale a cikin gida, hanyar da ta gada ta kai shi kasuwa ita ce kan 'yarta. Yarinyar da ya kamata tana aji tana tasha da tire. Duk tsarin da zai sa babban mutum mai babur ya ɗauki wannan aiki a biya shi, ya cancanci a yi masa maraba, ba a tare shi da dokar da za ta sa ya ga garin bai dace da jarinsa ba. Kamfanin da ya gudu daga Legas saboda lissafi bai fita ba, ba zai zo Malumfashi a kan kashi 15 na dole ba.

To ina aka kwana? Ni dai ina tare da ƙayyadewa a hali ɗaya tak: lokacin da hukuma da kanta ta hana mutane zama su ci a shago, ko don annoba ko don tsaro. A nan ta jawo larurar, dole ta ɗauki nauyinta. Amma dokar ta zo da ranar ƙarewa a rubuce, ta hau kan manya da ƙanana baki ɗaya don kada a tura ciniki wurin waɗanda aka ware, kuma a zauna da kamfanoni da ƙungiyar masu abinci da ta 'yan acaba a ga lissafin kowa kafin a yanka adadi. Mayar da ita ta dindindin kuwa kuskure ne. San Francisco da New York sun yi hakan a 2021, kamfanonin suka maka su a kotu, daga baya dukansu biyu suka sassauta, suka bar mai gidan abinci ya zaɓi biyan ƙari in yana son a ƙara tallata shi. Shi ma DoorDash tun Afrilun 2021 ya fito da matakai uku, kashi 15 da 25 da 30, kowa ya ɗauki wanda zai iya. Da wuya a ce matsin dokokin bai taimaka wajen fito da wannan zaɓi ba, kuma wannan maki ne da ya kamata masu adawa su amsa.

A lokacin lafiya, abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne sharuɗɗa. Rasit ya nuna ƙarara nawa mai abinci ta samu, nawa ɗan acaba ya samu, nawa kamfani ya ci. Kada a hana mai abinci shiga manhaja biyu, ko sayarwa da araha ga wanda ya kira ta kai tsaye. Kada a riƙe mata kuɗin cinikinta fiye da 'yan kwanaki, domin da cinikin yau take cefanen gobe. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta riga ta haramta wa kamfanin da ya mamaye kasuwa yin amfani da ƙarfinsa wajen danniya. Aiki da ita ya rage.

Sannan gwamnati ta dubi nata hannun. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa abin da masu mulki ke karɓa a hannun mahauta da masu auduga a kasuwa cikin zaluncin da ya yi yaƙi da shi. Yau direban da ya ɗauko tumatir daga Danja zuwa kudu ya san shingaye nawa zai tsaya, mai shago kuma ta san masu rasit nawa ke zuwa mata a wata. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni babu kira babu tiransifa. Duk mai sayar da abinci ta waya a lokacin, kashi ɗari ta rasa, ba talatin ba, kuma ba a ji wanda ya yi zancen rage mata haraji ba.

Kirana ga ƙungiyoyin masu sayar da abinci na Funtua da Malumfashi shi ne su haɗa kai tun yanzu, su yi ciniki da duk kamfanin da ya zo a ƙungiyance, kada kowa ya sa hannu shi kaɗai. Ke kuma Hajiya mai abinci, ko wace manhaja kika shiga, ki ajiye littafin da kike rubuta lambobin masu sayen abincinki, kuma ki sa taki lambar a jikin kowace roba da ta fita daga shagonki.